Awa nawa ya kamata a bari tsakanin sauka daga wani jirgi da hawa wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi tafiya ƙasar waje tare da mahaifiyata, shekarunta sun ja, ga ciwon gwiwa. Babu jirgin da zai kai mu kai tsaye, sai mun sauya a hanya. Zaɓi biyu aka nuna mini: tikiti ɗaya mai zangon awa ɗaya da minti 15, ko tikiti biyu na kamfanoni daban-daban mai zangon awa uku, kuma na biyun ya fi araha. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya kai ku lami lafiya.

In da za ki ji tawa, duka biyun ki ajiye su, ki sa a nemo miki tikiti ɗaya mai zangon awa uku zuwa huɗu. In kuwa ya zama dole sai ɗaya daga cikinsu, na farko ya fi, duk da ƙarancin lokacinsa.

Awa ɗaya da minti 15 da kika gani a rubuce ba duka ne naku ba. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da aka tsara jirgin farko zai tsaya, ya ƙare a lokacin tashin na biyu. Amma kamfanoni da yawa suna rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin tashi, kuma in an rufe an rufe, ko da kina hango jirgin ta gilashi. Sai ki cire wannan. Sannan ki kwatanta kanki a kujerar baya cikin babban jirgi mai ɗaukar mutum sama da ɗari uku: kowa ya miƙe, kowa yana kokawa da jakarsa a ma'ajiyar sama, layi ba ya motsi. Wani lokacin ma nesa da gini ake ajiye jirgin, sai an jira mota ta kwashe ku. Kafin ki taka cikin ginin, abin da ya rage bai fi minti 40 ba, ga binciken tsaro a gaba, ga doguwar tafiya zuwa ƙofa ta gaba. Wannan fa in jirgin farko bai makara ko da minti goma ba.

Ga kuma batun Mama. Ki nema mata keken da ake tura fasinja a kai tun wajen sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tafiya, kyauta ne. Masu turawa sun san gajerun hanyoyi, sau da yawa kuma ba a tsayar da su a dogon layi. Sai dai galibi masu jiran keke su ne na ƙarshen fita daga jirgi, sai kowa ya watse. Wannan kaɗai ya isa ya cinye ɗan abin da ya rage muku.

To me ya sa suke sayar da irin wannan tikiti? Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin sauya jirgi da aka yarda da shi, kuma na'urar sayar da tikiti ba ta haɗa jirage biyu a tikiti ɗaya in tazararsu ta gaza haka. Amma an auna shi ne da mutum mai ƙafa, wanda jirginsa ya sauka a kan lokaci. Ma'anarsa ita ce abin yana yiwuwa, ba wai akwai sarari ba.

Duk da haka tikiti ɗaya yana da rufin asiri. In jinkirin jirgin farko ya sa na biyu ya tafi ya bar ku, alhakin kamfanin ne ya sa ku a jirgi na gaba ba tare da kun ƙara kuɗi ba, kuma kayanku an riga an yi musu lamba har inda za ku. In tafiyar ta faɗa ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wato jirgin da ya tashi daga cikin Tarayyar ko na kamfanin wata ƙasar Tarayyar da ya shiga cikinta, har diyya ake biya daga yuro 250 zuwa 600 in kun isa a makare da awa uku ko fiye, sai in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi.

Tikiti biyu kuwa shi ne inda mutane suka fi ƙonewa, kuma nan nake so ki fi natsuwa. Kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa ke fasinja ce da ba ta zo ba. Kujerar ta tafi, kuma a ƙa'idar kamfanoni da yawa, rashin hawa jirgin zuwa yana soke har na dawowa da ke kan wannan tikitin. Sannan yawanci sai kin bi layin jami'an shige da fice, kin ɗauki kayanki, kin fita, kin sake kai su awo, alhali ana rufe karɓar kaya kusan awa ɗaya kafin tashin jirgin ƙasa da ƙasa. Awa ukun nan sun koma biyu ke nan, kafin a cire layin fasfo da jiran akwatuna. Fita ɗaukar kaya kuma shiga ƙasar ne, wanda zai iya buƙatar biza. In babu ita, tun a filin farko za a iya hana ku hawa. Araha ba ta ado. Sabon tikitin mutum biyu a ranar tafiya zai haɗiye rarar da kika samu har ya nemi ƙari.

Ba ki faɗi inda za ku yada zango ba, kuma amsar tana sauyawa da wurin. In Amurka ce, a filin da kuka fara sauka ake duba fasfo da kwastan, kuma a mafi yawan lokuta sai kun ɗauki kaya kun sake miƙa su, ko da tikiti ɗaya ne, ko da wucewa kawai za ku yi zuwa wata ƙasa. Can kada ki yarda da ƙasa da awa uku, huɗu ya fi. A ƙasashen Shengen 29, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, ana duba fasfo ne a ƙasar da aka fara shiga: mai zuwa Italiya ta Jamus, a Jamus zai tsaya layi. Tun Oktoban 2025 kuma aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a iyakokinsu, abin da ke ƙara wa layi tsawo. 'Yan wasu ƙasashe ma suna buƙatar bizar wucewa a Birtaniya ko Shengen ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, don haka ki bincika da fasfonku tun kafin ki biya.

Ki duba haruffa ukun nan na sunan filin jirgi a tikitin da kyau. Landan tana da Heathrow, LHR, da Gatwick, LGW, tafiyar kusan awa ɗaya a mota in hanya ta yi kyau. Istanbul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya. In haruffan sauka da na tashi sun bambanta, ki bar aƙalla awa biyar zuwa shida, ko ma ku kwana. Haka nake cewa ga duk mai tikiti biyu. Ko a fili ɗaya, tsakanin wasu tashoshin Heathrow ko na Dubai sai an hau mota.

Wani abin da mutane ba su cika tambaya ba: sau nawa jirgi na biyun yake tashi? In sau huɗu ne a rana, rasa shi asarar 'yan awanni ce. In sau ɗaya ne, ko sau uku a mako, rasa shi kwana ne ko kwanaki da dattijuwa a baƙon wuri. Jiragen safe sun fi kiyaye lokaci, domin jinkiri taruwa yake yi yayin da yini ke tafiya, kuma lokacin hunturu hazo da ƙanƙara sukan tsayar da jirage a Turai da Arewacin Amurka.

Ranar tafiya, ki roƙi a ba ku kujeru kusa da gaba da katin shiga jirage biyun tun a filin farko, ki kuma karanta takardar da aka liƙa wa akwatunanku ki tabbata filin ƙarshe aka rubuta. Magungunan Mama da tufafin sauyawa su zauna a jakar hannu, domin a gajeren zango yakan faru fasinja ya samu jirgi amma akwatinsa ya biyo baya washegari.