Injin ɗumama pisin yana ruri, ruwa kuwa kamar na randa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan masaukin baƙi a Ngaundere, da pisin, wato wurin ninƙaya, mai tsawon mita 10, faɗi mita 5, zurfi wajen mita 1.4. Bara na sa masa injin ɗumama ruwa mai ƙarfin kilowat 15, irin mai fanka kamar na'urar sanyaya ɗaki. Tun da hunturu ya shigo, fanka tana juyawa, kuɗin wuta na hawa, amma ruwan sanyi ƙalau kamar na randa. Wani lokaci injin ya mutu da kansa ya nuna HP. Mai gyara ya ce sai dai in sayi sabo. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. A dakata da maganar saye tukuna, don abin da ka lissafa bai yi kama da mutuwar inji ba.

Wannan inji ba ya ƙirƙirar zafi. Zafin da ke cikin iska yake zuƙa ya zuba a ruwa, shi ya sa da kilowat 1 na wuta yake iya ba da 4 ko 5 na ɗumi. Amma a hankali yake tafiya. Pisin ɗinka yana cin ruwa kubik mita 70, kowane kubik ɗaya kuma yana buƙatar kilowat-awa 1.16 kafin ya ƙaru da digiri 1. Ke nan injinka sai ya yi awa 5 da ɗoriya kafin ya ɗaga ruwan da digiri ɗaya tak. Daga digiri 20 zuwa 27, wajen awa 38 ke nan, shi ma in ba a yi asarar komai ba. Injin kuma ba ya aiki sai famfon pisin yana turo masa ruwa. Idan yaronka yana kunna famfon awa 4 a rana don tsimin wuta, ko shekara za a yi ruwan ba zai yi ɗumi ba.

Asara kuwa ana yin ta, kuma a nan na fi so ka tsaya. Mafi yawan ɗumin pisin ta tururi yake gudu. Iskar hunturu busasshiya ce, tana lasar saman ruwa dare da rana, kuma duk ruwan da ta kwasa da zafi yake tafiya. Ai dabarar randa ke nan, ka ga kuwa kwatancenka ya yi daidai. Ga Ngaundere a kan tudu, sama da mita 1,000, darenta da sanyi. Abin da inji ya tara da rana, dare ya kwashe. Ka sayi murfin pisin, ledar nan mai ƙuraje, a riƙa shimfiɗa ta da zarar baƙi sun fita. Yana min ciwo in ga mutum ya zuba miliyoyin sefa a inji ya bar ruwa a buɗe. Sannan a riƙa kunna injin daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da iska ke da zafin da za a zuƙa.

HP da yake nunawa yana nufin matsin gas ya yi yawa, kuma galibi ƙarancin ruwan da ke ratsa injin ne ke jawo shi. Ƙura ta toshe matatar yashi, ko ganye ya cika kwandon famfo. A wanke matatar ta hanyar juya ruwa baya, a zazzage kwandon, a duba bawul ɗin da ke raba ruwa tsakanin inji da pisin. Bambancin ruwan shiga da na fita ya zama wajen digiri 2. In ya zarce sosai, ruwan ya yi kaɗan. Haƙarƙarin injin ma a kashe wuta a wanke shi da ruwan tiyo a hankali, kada a lanƙwasa siraran ƙarafan. In bayan an kawo wuta ya yi shiru na minti 3 zuwa 5, kare kwamfuresa yake yi, lafiyarsa lau.

Idan an yi duk wannan na mako guda, ya koma nuna LP, wato matsin gas ya yi ƙasa, ko ka ga maiƙo a jikin bututun tagulla, to gas ya zurare. Nemo mai gyaran firij da ya san aikinsa, ya gano inda yake yoyo ya like, sannan ya zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin injin, R32 ko R410A. Kada ka yarda a cakuɗa.

Tambaya: Malam, muna gini a Garwa, mai kaya ya nace mu haɗa da wannan injin. Na kuma ga na maƙwabta yana zubar da ruwa a ƙasa. Ba matsala ba ce?

Amsa: Hajiya, ruwan da kika gani yawanci raɓa ce da injin ya tatso daga iska. A gwada shi da takardar awon kulorin: in babu kulorin, ba ruwan pisin ba ne, a kwantar da hankali.

Batun saye kuwa, da ni ne da ban yi gaggawa ba. Garwa ba Ngaundere ba ce. A Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, lokacin kukan da za ku yi shi ne ruwa ya yi ɗumi da yawa. Disamba da Janairu kawai ne ake jin sanyin ruwa. Ku fara da murfi, ku ga yadda hunturun farko zai kasance, amma mai aikin famfo ya bar muku bakin bututu da wurin ajiye inji inda iska ke kaɗawa. In daga baya kun ga lallai sai shi, ku zaɓi mai ɗumamawa da sanyayawa duka, wanda bututun cikinsa na titaniyom ne don kulorin kada ya cinye shi. Ku tabbatar wutar gidanku da janareta za su ɗauke shi, a sa masa na'urar daidaita wuta. Kafin ki biya, ki tambayi mai kayan inda ake samun katin lantarkinsa da fanka in sun lalace, a Garwa ne ko sai an aika Duwala.