Tambaya da Amsa: Gidajen Kula da Tsofaffi a Ingila Lokacin Korona

Tambaya: Wane tallafi ƙananan hukumomin Ingila suka bai wa gidajen kula da tsofaffi lokacin korona?

Amsa: A watan Mayun 2020 gwamnati ta ware fam miliyan 600, ƙananan hukumomi suka raba. Kashi 75 cikin 100 ya tafi gidajen, gwargwadon yawan gadajensu. Da shi aka biya cikakken albashin ma'aikacin da ya killace kansa, aka kuma rage zirga-zirgar ma'aikata tsakanin gidaje, don mai wuni nan ya kwana can shi ke yawo da cutar. Sai dai ihu ne bayan hari. Daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu an riga an sallamo kusan mutum 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen, ba duka aka gwada ba.