Amsa ga ƙanenmu na Gwaram mai son bin kwarin Gashaka da ƙafa

Ƙanena, ka ce kai da abokanka kuna son zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa bayan an kai amfanin gona gida, ku bi kwarin kogi da ƙafa, kana tambaya ko wanda ya saba da noma zai iya. Zai iya ƙwarai. Ni mutumin ƙasar Birnin Kudu ne, na daɗe ina hawa Mambila sayen shanu, kuma na taka wani ɓangare na dajin nan. Ƙarfin ƙafa kuna da shi. Abin da mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mu sani ba shi ne halin ruwan dutse.

Kogunanmu na nan suna cika a hankali, kana ganin alama tun da wuri. Na can ba haka suke ba. Sai rana tana ƙwalla a kanka, ashe an yi ruwa a saman tsauni, kafin ka ankara rafin da ya tsaya maka a gwiwa ya kai ƙirji, yana mirgino duwatsu. Saboda haka ka cire damina daga lissafinka gaba ɗaya. Daminarsu ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, don haka ku jira Disamba zuwa Maris. Ko a lokacin ma, kada wanda ya tsallaka ruwa ba sanda a hannu, kada kuma ya cire takalmi. Duwatsun suna da gansakuka, santsi kamar an zuba musu miyar kuɓewa. Takalmin robar nan mai rufe ƙafa da Fulani makiyaya ke sawa ya fi mini duk wani mai tsada, domin yana bushewa nan da nan. A kogin Kam da ke cikin gandun akwai dorina da kada, inda ɗan jagora bai ce a yi wanka ba kada a yi, komai zafi.

Hanya kuwa: Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sai Serti. A Serti ofishin gandun yake, nan za ku karɓi izini a haɗa ku da ma'aikacin daji. Gwamnatin tarayya ta kafa gandun a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ba wurin da baƙo zai shiga shi kaɗai ba ne. Ku tambaye su halin tsaro a makon da za ku tashi, ku bi abin da suka ce.

Amma wallahi wahalar ta biya. Ruwa garai-garai, kana ganin tsakuwa da kifi a ƙasansa. Itatuwa sun haɗe sama har rana ba ta saukowa sosai, birai na tsalle a kanku. Kana ƙara hawa sai kurmi ya ƙare, ka fito fili mai ciyawa, ga rugagen Fulani, ga hazo kwance a kwarin da ka baro. Can gaba, kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ban ba ku shawarar hawansa a zuwan farko ba, kwarin ma ya ishe ku.

Sanyin dare a sama ya wuce hunturun da kuka sani, kuma raɓa na jiƙa komai. Kowa ya riƙe rigar sanyi da bargo a cikin leda. Alwalar asuba sai an daure. Guzuri mara nauyi: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, kilishi, ganyen shayi da 'yar tukunya, ruwan sha kuma a tafasa shi. Idan kun isa ruga ku yi sallama daga nesa, ku sayi nono da kuɗinku, kada ku ɗauki hoton iyalin mutane ba izini. Fulatanci ya fi tafiya a can, ko da yake ana jin Hausa a kasuwanni.

Gangara ta fi hawa cin gwiwa, saboda haka ku rage sauri a dawowa. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa da zarar kun shiga ciki, don haka ku faɗa wa su Baba ranar da za su sa ran jin ku tun kuna Serti, kada hankalinsu ya tashi. Allah ya kai ku lafiya.