Amsa kan saƙonnin kuskure da suka sauya bayan sabunta Pydantic

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sabunta laburarenka (kod ɗin wasu da manhajarka ke amfani da shi) saƙonnin kuskure na fom ɗin rajista suka daina fitowa da Hausa, alhali ba ka taɓa kod ɗinka ba. Irin wannan ya same ni a nan Gombe a 2023, a wata manhaja da na gina wa ƙungiyar manoma da FastAPI (kayan aikin gina manhajar intanet da yaren Python), kuma daga bayaninka ina kyautata zaton matsalarmu ɗaya ce.

A ƙarshen watan Yuni na 2023 aka fitar da siga ta 2 ta Pydantic, laburaren da FastAPI ke tantance abin da aka cike a fom da shi, kuma ta sauya kalaman saƙonni da sunayen nau'o'in kuskure. Saƙon da a da yake "field required" ya koma "Field required" da babban harafi, nau'insa kuma ya tashi daga "value_error.missing" ya koma "missing". Ni da kalaman Turancin nake zaɓo fassarar Hausa, saboda haka harafi ɗaya ya isa ya hana su dacewa, sai manoman da ba sa karanta Turanci suka riƙa ganin saƙon da ba su gane ba, wasu har suka bar rajistar. Wannan ya dame ni ƙwarai. Haka kuma, idan kai ne ka rubuta saƙon a cikin ValueError (kuskuren da kod ɗinka ke tayarwa idan abin da aka shigar bai dace ba), sabuwar sigar tana ƙara "Value error, " a gabansa.

Ba na ɗora wa masu laburaren laifi, domin tashi daga 1 zuwa 2 sanarwa ce cewa wasu abubuwa za su karye, kuma sun rubuta jagorar ƙaura. Da farko ka sa "pydantic<2" a requirements.txt, fayil ɗin jerin laburaren da manhajarka ke buƙata, domin ka koma tsohuwar sigar aiki ya dawo daidai, in har FastAPI ɗinka yana karɓar Pydantic 1. Daga nan ka zauna cikin natsuwa ka rubuta naka kod ɗin da zai karɓi RequestValidationError, kuskuren da FastAPI ke tayarwa idan fom bai cika ƙa'ida ba, ya zaɓi fassara ta hanyar "type" (nau'in kuskuren) da "loc" (gurbin da ya faru), kada ya dogara da "msg" (kalaman saƙon) ko kaɗan, kuma ka tanadi saƙo ɗaya na Hausa ga duk nau'in da bai sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Sabuwar sigar tana haɗa "input" a cikin bayanin kuskure, wato abin da mutum ya shigar, kuma idan wani gurbi ya ɓace tana iya dawo da dukan fom ɗin har da kalmar sirri. Don Allah ka cire shi kafin amsar ta bar sabar, ka kuma duba ko ya riga ya shiga fayilolin da kake adana bayanan kurakurai.