Tambaya da Amsa: Yaron da ya fi kowa kawo ciniki shi ne mai ha'inci, ya zan yi da shi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu biyu na ɗauko wannan makon, ta farkon ita ta fi tsaya min a rai dan haka a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matashi ne shekarata 29, bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ya bar mana shago a Kantin Kwari, shadda da atamfa muke sayarwa, sari da ɗai-ɗai, 'yan'uwa suka ce ni zan riƙe tunda ni ne babba a maza. Yara biyar ne a shagon. Akwai ɗaya da ya girme ni ma, tun ina firamare yake tare da Baba, shi ya san kwastomomi kuma kusan rabin cinikin ta hannunsa yake shigowa. To na gano yana ba wa baƙi shadda kwafi a matsayin Gezna ta asali, har da rantsuwa, musamman mutanen nesa da ba su san kaya ba. Kuɗin dai shago yake shiga, shi kamashonsa kawai yake ɗauka. Da na yi masa magana sai ya ce kowa haka yake yi a layin, in na hana to in shirya rufe shago tunda dala ta tashi kasuwa ta mutu. Ga gado ba a raba ba, ƙannena bakwai da iyayenmu mata biyu duk a shagon nan suke ci. Wallahi bacci ma gagarata yake. In kore shi ne ko in kau da kai? Daga wani ɗan'uwa a Fagge.

AMSA: Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Wannan rashin baccin da kake fama da shi ka gode wa Allah a kansa, alama ce zuciyarka da sauran rai.

Amma bari in fara da maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Ka ce kuɗin shago yake shiga, to ai shikenan, daga ranar da ka sani ka yi shiru ha'incin ya zama naka, shi ɗan aike ne kawai. Da wannan kuɗin ake cefanen gidanku, da shi ake biya wa marayun nan kuɗin makaranta. Ka san hadisin nan da Manzon Allah (SAW) ya wuce ta gurin wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji jiƙa a ƙasa, busasshen an ɗora shi a sama, ya tambaye shi me ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Ka lura ba a hana mutumin sayar da jiƙaƙƙen abinci ba fa, ɓoyewar ce laifin. Haka shaddarka. Babu wanda ya ce sayar da kwafi haramun ne in an kira ta da sunanta, mutane da yawa ita suke nema ido buɗe saboda ita ce daidai aljihunsu. Maganar dala kuma gaskiya ya faɗa, tun da aka saki naira a Yunin 2023 dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, Gezna kuwa daga Ostiriya take zuwa, dole ta fi ƙarfin mutane da dama. Wannan dalili ne na ka ƙara ajiye mai sauƙin kuɗi a shago, amma ban ga ta inda ya zama dalilin rantsuwa a kan ƙarya ba.

Abin da na fi jiye maka tsoro ma sauran yaran huɗun ne. Su fa ba wa'azinka suke ji ba, ido suka zuba suna kallon wa ake yaba wa da yamma in an zo lissafi, wa yake tafiya gida da kamasho mai tsoka, wa ake yi wa shiru in ya yi ba daidai ba. In suka ga mai rantsuwar nan shi ne ɗan gaban goshi to ka gama koya musu sana'a, nan da shekara biyu kana da irinsa biyar, kuma yaron da ya saba yi wa kwastoma ƙarya saboda kai, ranar da ta kama kai zai yi wa saboda kansa, domin harshen ɗaya ne. Sau nawa muka ji maigida yana kuka yaransa sun cinye masa jari, in ka bi diddigi sai ka tarar a gabansa suka koyi tauye yadi.

Ni ma a Kwari na yi yarintata, gurin wani dattijo, Allah ya jiƙansa. Ba zan manta wata rana ba, wata Hajiya ta zo daga Maraɗi sarin atamfar biki, an gama ciniki an ɗaure kaya har ɗan dako ya ɗora a kai, sai tsohon nan ya ce a sauke. Ya sa na kwance dilar, ya zaro wani turmi guda daga tsakiya ya warware shi a kan benci, ashe akwai wani ɗan tabo na ruwa a gefe wanda bai fi tafin hannu ba, ni da nake da idon yaro ma ban gan shi ba. Ya nuna mata da yatsa ya ce Hajiya kin ga wannan, ko in canza miki ko in rage miki kuɗi. Bayan ta tafi bai ce mana uffan ba, bai tara mu ya yi mana nasiha ba, carbinsa kawai ya ɗauka ya koma kan tabarma. Amma daga ranar ko ba ya shago ba wanda yake iya cusa kaya mai aibu a tsakiyar dila, kunya ma ba za ta bar ka ba. Hajiyar kuwa har na bar shagon ba ta sake zuwa da ƙafarta sosai ba, direba take ba wa kuɗi da 'yar takarda, abin da tsoho ya ɗaura mata shi ne.

Kuma kada ka ɗauka wannan sabon abu ne, kasuwancin Kano tun asali a kan haka ya tsayu. Lokacin da fatake suke tafiya Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, sarin goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, ayari yana da madugu, shi yake sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi yake raba gardama, kuma ba wanda ake tilasta wa bin wani madugu, mutum da dukiyarsa yake zaɓar wanda ya yarda da halinsa. Madugun da aka taɓa kamawa da cin amana, baɗi shi kaɗai zai tashi. Haka fatoma a cikin gari, baƙo ya sauka gidansa ya ajiye kayansa, a ba da bashi a kan bakinsa kawai. Alhaji Alhassan Dantata da aka haifa a Bebeji a 1877 ta wannan hanyar goron ya taso, da ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Turawa kuma kuɗi yake raba wa wakilansa su shiga ƙauyuka su sayo, a zamanin da babu waya babu alat, mutum ya tafi da kuɗinka sai ya dawo. Irin wannan harkar ba ta tafiya sai in na sama ya tsare gaskiyarsa har na ƙasa suna jin nauyin cin amanarsa. Ya rasu a 1955 amma har yau sunan gidan yana ciniki.

To yanzu in kore shi ko in kau da kai? Ni dai ba zan ce ka yi ko ɗaya yanzu ba. Akwai wata tambaya da ba ka yi wa kanka ba: mutumin nan tun kana firamare yake shagon, wato wajen shekara ashirin kenan, an taɓa yi masa maganar sallama kuwa? A al'adar kasuwarmu yaro in ya yi wa ubangidansa bauta shekaru, ana ba shi jari ko a buɗe masa tebur ko a riƙa ba shi kaya yana sayarwa yana biya har ya tsaya da ƙafarsa. Shi ga shi ya girme ka, ina jin da iyali, Baba ya tafi, an ɗora masa yaron da ya taɓa rakawa makaranta a matsayin maigida, kuma abin da zai kai gida ya dogara ne kacokan kan yawan abin da ya sayar a rana. Ba wanke shi nake ba, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Tsarin da kuke biyansa da shi ne yake tura shi.

Dan haka ka nemi ɗaya daga cikin aminan Baba a kasuwar, dattijon da shi ma yake jin nauyinsa, ku zauna ku uku bayan an tashi, ba a gaban yara ba. Ka kira shi Yaya kamar yadda ka saba, ka fara da faɗin wahalar da ya sha wa gidanku, sannan ka gaya masa a fili cewa daga yau a shagon nan kowace shadda da sunanta za a kira ta kuma an daina rantsuwa kan kaya kwata-kwata. A rasit a riƙa rubuta irin kayan, asali ko kwafi, da lambar wayarka kai kanka a ƙasa, duk wanda ya ga ba haka ba ya dawo da shi a ba shi kuɗinsa. A zaman nan dai ka sa masa albashi tsayayye ko da kaɗan ne a kan kamashon, kuma ku yanke lokacin sallamarsa da abin da za a ba shi, da yardar magada tunda dukiyar ba taka ba ce kai kaɗai, a rubuta a sa hannu. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, mu ne dai muke ganin rubutu kamar rashin yarda ne. In ya karɓa alhamdulillahi ka samu mutumin da ya san kasuwa. In kuma bayan duk wannan ka sake kama shi, to ku rabu cikin mutunci ka ba shi haƙƙinsa cif, ko da zai tafi da rabin kwastomomin.

Kuma ba zan yaudare ka ba, ciniki zai iya ja baya, wata uku, wata shida, Allah kaɗai ya sani. Shi ya sa tun kafin ka fara ka zaunar da iyayenku mata ka gaya musu komai, kada su ga kuɗin cefane ya ragu su ji labarin a bakin wani. Waɗanda aka cuta kuma, wanda duk kake da lambarsa ka kira shi ka mayar masa da bambancin kuɗin, a hankali gwargwadon ƙarfin shago. Zai yi maka nauyi a baki ranar farko. Maganar gadon ma kada ku bar ta ta kwana da yawa, ku nemi malami ko ku je kotu a ƙididdige kayan shago kowa ya san rabonsa, ko da za a ci gaba da juyawa tare.

TAMBAYA: Malam ina da shagon ɗinki a Gwammaja, 'yanmata shida ne suke min aiki, ɗaya 'yar yayata ce. Ita kullum sai ta makara, ɗinkinta ma sai an warware an sake, amma na kasa yi mata faɗa saboda uwarta. Yanzu sauran sun fara gunaguni, biyu ma sun fara makarar su ma. Ga azumi ya kusa. Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara buɗi. Biyun da suka fara makara ba lalacewa suka yi ba, gwada ki suke su ga ko dokar shagon ta kowa ce ko ta bare ce kawai, kuma zuwa yanzu kin ba su amsa. Zumunci abu ne mai girma, amma shirun nan da kike yi ita kanta yarinyar kike cuta, za ta shekara uku a gaban keke ta fita ba ta iya haɗa wuyan riga ba, ranar nan uwar tata ce za ta fara cewa ba ki koya mata komai ba.

Ki je gidan yayar taki da kanki, ki riga kai mata maganar kafin 'yar ta kai mata ƙara, ki ce Yaya so nake yarinyar nan ta zama tela ta gaske dan haka zan matsa mata kamar kowa, ki ba ni goyon baya. Daga nan ki tara su shida ki faɗi lokacin zuwa guda ɗaya da hukunci guda ɗaya, kuma ki tabbata ke kike riga kowa buɗe shagon, dan in kina zuwa ƙarfe 11 ba ki da bakin cewa wata ta zo 9.

Tunda kin ambaci azumi, ki ƙirga tun yanzu kaya nawa kekunanki suke iya fitarwa a rana in an cire lokacin da babu wuta, ki ninka da kwanakin da suka rage zuwa Sallah, in kin kai wannan adadin ki daina karɓar ɗinki ko na waye, har na yayar taki. Kuɗin 'yanmatan kuma na aikin dare ki ware shi gefe tun daga kafin alƙalamin da ake ba ki, ki damƙa musu kafin daren Sallah su ma su samu na lalle da takalmi.