Jim, injin gudu ko ɗamarar tumbi: a kan me iyaye za su kashe kuɗinsu?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako duk daga iyaye suka fito, kuma duk daga cikin Zariya. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Ta farko daga wani magidanci ce a Samaru. Ya ce: "Malam, shekarata 41, ma'aikaci ne ni, ina da yara uku. Tumbi ya fito mini, in na hau bene sai haki. Wani gidan motsa jiki, wato jim, a Sabon Gari ya ce in na biya kuɗin shekara gaba ɗaya za su yi mini ragi mai kyau. Sannan wani abokina yana so ya sayar mini da injin gudu na hannu. Kuɗin ɗaya kawai nake da su. Wanne zan ɗauka?"

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. A wannan watan kada ka ɗauki ko ɗaya.

Bari mu fara da injin. Injin gudu na'ura ce da ake gudu a kan bel ɗinta mai juyawa, mai cin wuta ne, ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba ya ɗaukarsa, kuma in wuta ta zo da ƙarfi fiye da ƙima, allon da ke sarrafa shi ne ke fara ƙonewa. Sai ka ƙara da sitabilaiza, ka ƙara da neman mai gyaran da ya san shi. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin bel ɗin tun daga Nuwamba har Fabrairu. Sannan ga abin da ya fi damuna: gida mai yara uku. Bel mai juyawa yana kama yatsan yaro ya goge fatar, kuma yaro ba ya ganin abu mai motsi ya ƙyale. In har ka nace sai ka saya, ka je gidan abokin naka, ka sa a kunna, ka hau ka yi minti ashirin cur. Ka saurari ƙarar injin, ka shinshina ko akwai ƙauri, ka duba ko bel na zamewa in ka taka da ƙarfi. Ka kuma tambaye shi, cikin raha, me ya sa yake sayarwa. Amsar da zai ba ka za ta koya maka abu da yawa.

Game da biyan shekara kuwa, na taɓa yi, shi ya sa nake magana da zafi. Na biya wani wuri kuɗin wata goma sha biyu saboda ragi. A wata na huɗu muka zo da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa, wai rigimar haya. Ko sisi ban gani ba. Amma ko wurin bai rufe ba, ka yi lissafin hanya. Daga Samaru zuwa Sabon Gari sai ka bi ta Kwangila, kuma ka san yadda wurin yake da yamma. Ka tashi aiki, ka ɗauko yara daga Islamiyya, ka kai su gida, sannan ka sake kama hanya? Sati biyu na farko za ka yi, don zuciya na da zafi. Daga nan sai ruwan sama ya tare ka, sai yaro ya yi zazzaɓi, sai baƙi su zo daga ƙauye. Kuɗin mai ko na Keke Napep na zuwa da dawowa sau uku a sati, shi ma ka ɗora shi a kan kuɗin jim ɗin, don a nan ragin yake narkewa.

Ga abin da nake so ka yi. Ka fara zuwa a gwada maka jini da suga. Mutum mai shekara arba'in da tumbi da haki bai kamata ya fara ɗaga ƙarfe bai san matsayin jininsa ba, domin hawan jini ba ya sallama. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama, likita ne zai faɗa maka inda za ka fara. In za ka sayi na'urar awon jini ta gida, ka ɗauki wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu daidaito. Sai ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka, ka zagayo da shi ta wajen cibiya. Abin da ake so, kada ya kai rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Ka rubuta lambar a bayan kalanda.

Daga nan sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar. Kai da ke Samaru, ga titunan cikin jami'a da inuwar itatuwa. Ka fito Asuba da kambas a ƙafa, in an sallame ka zarce. Tafiyar ta zama mai sauri, wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera karatu ba. Kafin uwargida ta gama ɗumame ka dawo, ka yi wanka, ka kai yara makaranta. Ba ka ci lokacin kowa ba. Na ƙarfafa tsoka kuma, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ke nan. Ka fara da rabi. Ka rungume ta ka tsugunna ka tashi sau goma, ka huta, ka maimaita sau uku.

In ka yi sati shida a haka ba fashi, to ka je jim, amma mafi kusa da gidanka, kuma ka biya wata ɗaya. Ka ziyarce shi a daidai lokacin da za ka riƙa zuwa, ka ga yawan masu jiran na'ura, ka ga ko mai horarwa yana gyara wa sababbi tsayuwa ko yana can yana danna waya. Sai ka yi wata uku kana biya wata-wata sannan mu yi zancen shekara.

Ta biyu daga wata uwa ce a Tudun Wada: "Na haihu wata uku da suka wuce, haihuwa ta huɗu. Cikina bai koma ba. Wata a WhatsApp tana sayar da ɗamarar matse tumbi da shayin rage ƙiba, ta ce cikin sati biyu zan ga canji. Ina shayarwa. In saya?"

'Yar'uwa, Allah ya raya, ya ƙara miki lafiya. Shayin nan kada ki saya. Yawancin irinsa ganye ne mai sa gudawa, kamar filasko, ko abin da ke sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna kin ragu, amma ruwan jikinki ne ya fita, kitse na nan inda yake. Ke kuwa mai shayarwa ruwa kike nema. Akwai kuma abin da ya fi wannan: a ƙasashe da dama an sha kama kayan rage ƙiba da aka ɓoye maganin sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin da yake jawo wa zuciya. Leda mara lambar NAFDAC, mara sunan kamfani, ba ki san abin da kike sha ba, balle abin da jaririnki ke tsotsa.

Ɗamarar kuwa ba ta narka kitse. Zufar da ke tsatsafowa a ƙarƙashinta zufa ce kawai. Tana iya tallafa wa bayanki, ta sa atamfa ta zauna a ranar biki, in don wannan kike so to ki sayi mara tsada, kada ki matse har numfashi ya yi wuya, kada ki kwana da ita.

Abin da nake zargi shi ne ba kitse ne kaɗai ke damunki ba. Bayan haihuwa huɗu, tsokokin gaban ciki guda biyu sukan buɗe a tsakiya. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗago kai kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. In kin ji rami da ya wuce faɗin yatsu biyu, to ki bar duk wani motsa jiki na tashi zaune daga kwance, yana iya ƙara turo cikin. Ki nemi masu fisiyo, wato masu jinyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, akwai su a asibitin koyarwa na Shika, su nuna miki motsin da ke haɗe tsokar. Kuɗin shayi da ɗamara ki kai su can. In kuma tiyata aka yi miki, ko jarka kada ki ɗaga sai likitanki ya yarda.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin ta garinmu ce. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubuce-rubuce a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, har sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci a dalilinsa. Yana iya bayyana watanni bayan haihuwa. In kina haki ba ki yi aikin komai ba, ko ƙafa na kumbura, ko ba ki iya kwanciya sai kin tara matasai, wannan ba gajiyar raino ba ce. Ki je asibiti a ranar. Kunun kanwa ma a sassauta, kanwa dangin gishiri ce.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki fara da tafiya a tsakar gida ko zuwa gidan 'yan'uwa, minti goma sha biyar, kina ƙarawa. Shayarwa kanta tana cin kusan kalori 500 a rana. Ki rage lemon kwalba da sukarin shayi, amma kada ki rage tuwo don yunwa. Wata tara cikin nan ya yi yana girma, ki ba shi lokaci. Ina kuma roƙon maigida, in yana karantawa, ya kama bakinsa a kan wannan ciki. 'Ya'yansa ne suka zauna a ciki.

Ta uku, wani uba daga Sabon Gari: "Ɗana mai shekara 16 ya fara bin samari wurin ɗaga ƙarfe. Yanzu ya dame ni in saya masa garin furotin na gwangwani. Yana da amfani? Kuma an ce ɗaga ƙarfe na hana yaro tsawo."

Alhaji, ɗaga ƙarfe daidai ƙarfinsa, da mai lura da shi, ba ya hana tsawo. Ka gode wa Allah da ya zaɓi ƙarfe a kan abubuwan da wasu sa'o'insa suka zaɓa. Garin kuwa, in na gaske ne, daga ruwan madara ake yin sa, kuma ludayinsa ɗaya yakan ba da giram 20 zuwa 25 na furotin. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Wato ƙwai huɗu sun biya. Ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga kifi. Kuɗin gwangwani ɗaya ka mayar da su kiret ɗin ƙwai, ƙannensa ma su samu.

Inda nake so ka sa ido shi ne abin da ake miƙa wa yara a bayan fage. Akwai allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka. Waɗannan su ne ke iya tsayar da girman ƙashin yaro, su taɓa hanta, su rage ƙwayoyin haihuwa. Akwai kuma sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dexamethasone ne a ciki: yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini, ya raunana tsokar da yaron ke nema. Ka bi shi wurin ranar Asabar, ka gaisa da mai wurin, ka bari ya san yaron nan yana da uba. Ka duba ƙarafan ma. Da yawa na walda ne da siminti, kuma ba laifi, muddin akwai abin da ke riƙe nauyin kada ya zame.

Ta ƙarshe ta fi taɓa ni. Wata baiwar Allah daga Gyallesu ta ce maigidanta ya kama jim da gaske, kullum daga Magariba sai bayan Isha, yara sun yi barci kafin ya shigo. Ta ce ta ji daɗin yadda lafiyarsa ta gyaru, amma ita ma likita ya ce ta motsa jiki saboda suga, kuma babu mai riƙe mata yara. Tana tambaya ko ta sayi keken motsa jiki na ɗaka da kuɗin adashinta.

Hajiya, keken ya fi injin gudu dacewa da gidajenmu, tunda ba ya son wuta kuma yana da sauƙi ga gwiwa. In za ki saya, ki hau ki gwada, ki tabbata sirdin na hawa da sauka, kuma ƙafarki na kusan miƙewa in feda ta kai ƙasa. Amma keke ba zai riƙe miki yaro ba. Awa kike nema, kuma awar tana hannun maigida. Tsoka ba ta buƙatar a dame ta kullum, tana son hutun kwana ɗaya ko biyu kafin a sake matsa mata, don haka zuwa uku a sati ya ishe shi, ba zai yi asarar komai ba. Ki same shi bayan ya ci abinci ya natsu, ki fara da yaba masa, sannan ki kawo takardar likita ki ajiye a gabansa. Ki nemi kwana uku: shi ya zauna da yara ya duba musu aikin makaranta, ke ki hau keke ko ki fita tafiya da maƙwabciya. Ga mai suga, ko tafiyar minti goma sha biyar bayan cin abinci tana taimakawa wajen saukar da shi.

Yaran ma su shigo ciki. Daga shekara 5 zuwa 17, awa guda ta guje-guje ake so su samu kowace rana. Igiyar tsalle biyu da ƙwallo ɗaya daga kasuwar Sabon Gari ba za su taɓa adashinki ba. Ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, ku ɗauki gorar ruwa ku nufi gindin Kufena, babansu ya saɓa autar a wuya, su hau iya inda ƙafarki ta yarda. In kun gwada sati huɗu, ki sake rubuto mini da lambar awon suganki na farko da na ƙarshe.