Tambayoyinku: Anti, mu kai yara kallon wasan dandamali ko mu ƙara jira?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni uwa ce mai yara uku muna zaune a Landan, babban shekararsa 11, mai bi masa 8, sai auta 'yar shekara 4. Tun da korona ta shigo a 2020 muka koma 'yan zaman gida, daga makaranta sai gida sai islamiyya ta Zoom, har yanzu da aka saki komai wallahi in na ga taro gabana faɗuwa yake, in wani ya yi tari a bas sai in ji kamar in sauka. To ga hutu ya matso yaran sun dame ni da maganar zuwa kallon wasan dandamali na The Lion King, wai 'yan ajinsu duk sun je, Abbansu ma ya ce ya yarda zai sayi tikiti, ni ce dai na kasa sakin jiki. Ga kuma Hajiya surukata ta zo mana daga Kano, ta haura 70 kuma tana da ciwon suga, ba na so mu bar ta ita kaɗai a gida kuma ba na so in ja mata wani abu. Ni ban ma taɓa shiga irin wannan wajen ba. Dan Allah ki ba ni shawara.

Maman yara uku, Landan

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ku je. Na fara da wannan ne saboda na lura a wasiƙarki kowa a gidan ya shirya, ke kaɗai ce kika rage a bakin ƙofa, kuma ba laifinki ba ne, shekara biyu aka yi ana ce mana taro haɗari ne, zuciya ba ta saki lokaci ɗaya don kawai gwamnati ta ce an ɗage doka. Amma yaronki na tsakiya yana da shekara 6 aka rufe gari, auta kuwa kusan rabin rayuwarta a cikin kulle ta yi shi, yaran nan suna bin ki bashin fita.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Gidajen wasan Landan sun rufe ranar 16 ga Maris 2020, wasan da yaranki suke so bai dawo gidansa na Lyceum ba sai 29 ga Yuli 2021, bayan Ingila ta ɗage yawancin dokoki ranar 19 ga watan. Da nau'in korona na Omicron ya taso a Disamban 2021 aka sake tilasta sa takunkumi a irin waɗannan wurare, wasanni da yawa ma suka riƙa soke ranaku saboda 'yan wasan da kansu sun kamu, sai 27 ga Janairun 2022 aka cire tilascin, 24 ga Fabrairu kuma sauran dokokin suka faɗi. Kin ga kenan shekara guda ana cika ɗakin nan mai ɗaukar mutum wajen 2,000. Amma ba zan ɓoye miki ba, cutar ba ta tafi ba, a wannan Yulin na 2022 ma ta ɗan ƙaru, kuma in kun shiga za ki ga yawancin mutane fuskarsu a buɗe take. Gara ki sani tun daga gida kada ki je ki rikice.

Maganar Hajiya ita ce mai nauyi, kuma ina ga kada ku yanke mata hukunci ke da ɗanta a ɗaki. Ku zauna da ita ku faɗa mata gaskiya, awa biyu da rabi ne a rufaffen ɗaki cike da jama'a, in ta ce tana so, to a duba katin rigakafinta a ga ko ta yi allurar ƙari, a tuntuɓi likita tunda akwai suga, a saya mata takunkumi mai kyau irin FFP2 a kemis ba na yadi ba. Ke ma ki sa naki ki zauna kusa da ita don kada ta ji ta fita daban, babu wanda zai kalle ku. In kuma ta ce a'a ita dai a bar ta da carbinta, kada ki ji kin yi laifi, tsofaffinmu da yawa ba sa son hayaniya tun kafin korona. Ku dawo mata da tsaraba, jikoki su ba ta labari.

Akwai ɗabi'un da korona ta koya mana da nake roƙon kada a yar da su. Wanda ya tashi da zazzaɓi ko tari ranar, ya zauna a gida ko da kuwa an biya kuɗin tikiti, na san da ciwo amma haƙƙin mutane ne. Gwajin korona na kyauta ya ƙare tun 1 ga Afrilun 2022, sai dai ana sayar da shi a kemis ba tsada, in akwai mai ɗan mura a gwada da safe. Sanitaiza a jaka, wanke hannu kafin a ci wani abu. Iyakarta kenan. Goge kujera da hana yara taɓa bango da yi musu tsawa in sun matsa kusa da wani, waɗannan ki bar su a gida, don in kina ɗar-ɗar su ma ba za su ji daɗin komai ba, yara suna karanta fuskar uwa fiye da yadda muke zato.

To bari in gaya miki abin da za ku tarar tunda kin ce ba ki taɓa zuwa ba. Kin san yadda fim ɗin Indiya yake, ana labari sai a shiga waƙa da rawa sai a dawo labari, to haka ne, sai dai nan mutanen a gabanki suke da ransu, makaɗan ma suna nan suna bugawa. Tun 1999 ake yin wasan nan a Lyceum. Farkonsa kaɗai ya isa kuɗin tikiti. Fitilu za su mutu, ɗakin ya yi tsit, sai ki ji muryar mace ta tsaga wajen da kira cikin harshen Zulu, rana ta fara ɗagowa a bayan dandamalin, sai ga raƙuman dawa suna takowa a hankali, mutane ne a kan dogayen sanduna hannu da ƙafa, kina ganin mutumin kina ganin dabbar a lokaci ɗaya. Kafin ki gama mamaki sai ki ji motsi ta bayanki, giwa guda ce ta biyo ta tsakanin kujerun 'yan kallo tana nufar gaba, tsuntsaye suna yawo a kan dogayen ƙarafa sama da kawunan mutane. Na ga yaron da ya miƙe tsaye a kan ƙafarsa baki buɗe uwarsa tana jan rigarsa bai ma san tana yi ba. Daraktar wasan, Julie Taymor, ita ce ta tsara shi haka, ba ta ɓoye mutum a cikin fatar dabba ba, fuskar zakin tana saman kan ɗan wasan, tasa fuskar kuma a fili. Waƙoƙin amshi da yawa aikin Lebo M ne ɗan Afirka ta Kudu. Ni abin da ya fi taɓa ni, yaranmu da suke tasowa a Turai su zauna a babban ɗaki a tsakiyar Landan su ga baƙaƙen fata sun cika dandamali suna waƙa da harsunan Afirka, Turawa suna tafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro.

Saboda wannan shigowar dabbobin, in aljihu zai ɗauka ku nemi kujerun ƙasa kusa da hanyar wucewa. Na can sama sun fi araha amma matattakala ce da yawa kuma da tsayi, in Hajiya za ta je kada ma a fara. Haka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Covent Garden da ke kusa da gidan wasan, lif ce kawai sai matakala 193, in cunkoso ya yi yawa gara ku sauka a Temple ko Charing Cross ku tako.

Auta kuma fa. Dokar gidan ba a shiga da yaron da bai kai 3 ba, kuma su da kansu sun ce ya fi dacewa da 6 zuwa sama, kowa sai da tikitinsa ko da a cinya zai zauna. In ni ce zan bar ta wajen wata 'yar'uwa in kai ta wajen wasan yara wata rana ita kaɗai. Akwai wajen da garken dabbobi suka rugo uban zakin ya mutu ɗan yana kuka a kansa, sautin da ƙarfi ga duhu, mai shekara 8 ma ki faɗa masa tun a gida cewa akwai wajen baƙin ciki. Ki kuma gaya musu ba tablet ba ce da ake tsayarwa a je a dawo, a shiga banɗaki kafin a fara, ba ɗaukar hoto, magana sai a hutun rabin lokaci. A hutun nan ne ake sayar da askirim, ki saya musu, yana cikin daɗin fitar. Batun kuɗi kuma, duk Agusta akwai tsarin Kids Week da ake ba yaro tikiti kyauta in babba ya sayi nasa cikakke, ki duba jerin wasannin da suka shiga bana da wuri don yana ƙarewa.

In kun je ki rubuto min abin da mai shekara 8 ya ce da ya ga giwar.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni magidanci ne a Birmingham, iyalina ma suna son mu sauko Landan mu kalli wannan wasan, damuwata biyu ce, lokacin sallah da kuma tarbiyya, kada in kai yara su ga abin da zan zo ina da-na-sani.

Abban 'yan mata, Birmingham

AMSA

Wa alaikas salam Malam, Allah ya saka da wannan kulawa. Maganar sallah lissafi ne kawai. Wasan rana ƙarfe 2:30 ake farawa a tashi wajen 5, a watannin zafi azahar tana shiga da misalin ƙarfe 1, la'asar wajen 5, magariba kuwa sai bayan 8, kenan in kun yi azahar kafin ku shiga ba abin da zai kuɓuce muku. Lokacin sanyi ne matsalar, a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, magariba za ta same ku a zaune, to a lokacin wasan dare na 7:30 ya fi sauƙi don an riga an yi isha'i. Tunda daga nesa za ku zo, hutun nan na Agusta shi ne daidai.

Batun tarbiyya, labarin na uba da ɗa ne, da ƙanin uba da ya ci amana saboda sarauta, da yaron da ya gudu daga nauyin da ke kansa har ya dawo ya ɗauka. Babu batsa a ciki. Amma zan faɗa maka abubuwan da za ka gani don ka auna da kanka. Shigar wasu 'yan rawan ba irin tamu ba ce, akwai jiki a waje. Akwai wata da take kamar boka ko mai duba a labarin, akwai kuma maganar cewa sarakunan da suka mutu suna kallon na raye daga cikin taurari. 'Yan matanka za su iya tambaya, kuma ni ina ga gara su tambaye ka a jirgin komawa gida ka ce musu wannan tatsuniya ce ga abin da mu muka yi imani da shi, da a ce sun haɗu da shi a waya su kaɗai. A harabar gidan ana sayar da giya lokacin hutu, ku tsaya a kujerunku ko ku sayi askirim wajen masu tsayawa da shi a cikin ɗakin. In kuma kana cikin masu ganin kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba, wannan magana ce tsakaninka da malaminka, ba zan tura ka ka yi abin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, sai dai ka nema wa yaran wata fitar a madadinta, gidan zu na Landan yana nan a Regent's Park, babban masallaci ma a gefen filin yake, ku yi sallah ku ci abinci ku kama jirgin yamma.